Abincin Ɗan Fari

Ta numfashinsa na fara sanin abin ya yi yawa. Tsakanin ɗakina da zauren gidanmu katako ne kawai, kuma a zauren yake sallar azahar in ya dawo daga kara, kasuwar shanu. In ya yi ruku'u sai in ji kamar ana zuga wuta a maƙera. In ya kai goshi ƙasa kuma sai shiru, shiru mai tsawo, har in ajiye abin da ke hannuna in tsaya ina jira. Sai na ji ya ɗago da nishi sannan in ci gaba da tsintar shinkafata.

Ɗana ne na fari, shi ya sa ba za ku ga sunansa a nan ba. Ban saba faɗinsa ba, hannuna ma bai saba rubuta shi ba, ko da yake a ajin yaƙi da jahilci, da malamarmu ta ce kowa ta rubuta sunayen 'ya'yanta, na san haruffan da zan haɗa. Na tsallake shi na fara daga na biyu.

Ina amarya mahaifinsa ya kawo ni Agege a jirgin ƙasa daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina. Fatoma ne. Masu shanu su loda dabbobinsu a tarago daga Kano ko Nguru, su sauka gidanmu, a ba su ɗaki, a ciyar da su, maigida ya tsaya musu a wajen mahauta har a sayar a sallame su. Babu wani abu a rubuce tsakaninsu. Mutum ya dubi maigida ne, in hankalinsa ya kwanta da shi ya miƙa masa dukiyarsa. Da na haifi yaron, ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi. Gida ɗaya muke, amma ita ke masa wanka, ita ke zuba masa abinci. In ya faɗi a tsakar gida ni sai in kau da kai, wata ta ɗaga shi. Haka aka koya mana, kuma ban taɓa jin an cuce ni ba. Kunya ce, kowace uwa ta yi.

Mahaifinsa babban mutum ne a jiki. Wata rana yana alwala ya kife a kan buta, bai ƙara magana ba. Yaron ya gaji gidan, ya gaji baƙin, a hankali kuma ya gaji jikin.

To, a wurinmu wannan ba abin damuwa ba ne. Abin alfahari ne. Duk ranar da aka yi ciniki mai kyau mahauta sukan aiko da rabon maigida, tozo da kitsen ciki da ƙafa, wani lokaci har da ƙashi mai ɓargo. Da safe shayi mai madarar gwangwani da sukari, da burodi da ƙosai. Da rana tuwon shinkafa da miyar taushe, man shanu yana yawo a kai. Da yamma doya ko soyayyar ayaba da manja. Mata in sun shigo sukan ce wa matarsa, "Ke kam kin iya kiwo." Ita kuma, yarinya ce haifaffiyar Ikko mai fara'a, sai ta yi dariya ta amsa musu rabi da Hausa rabi da Yarbanci. In ya taho a layin kara, babbar riga ta cika hanya, Yarbawa suna ta "Oga, oga," ni kaina in na hango ta kafar ƙofa sai in ji daɗi, in yi sauri in kau da ido kada a gan ni.

Jiri ne ya ɗebe shi wata rana a tasha ana sauke shanu, sai da aka zaunar da shi aka yi masa fifita. Aka matsa masa ya je asibiti cikin Ikko. Da ya dawo, a zaure ya ba da labarin, yana dariya, ni kuma ina ji ta bayan katako.

"Likita ya ce jinina ya hau, wai zuciyata tana ɗauke da kayan da ya fi ƙarfinta. Ya ce in bar kitse, in bar mai, in rage gishiri da sukari, in riƙa tafiya da ƙafa."

Akwai taubashinsa, ɗan ƙanwar mahaifinsa, dillali ne a gidan, bakinsa ba ya shiru. Ya ce, "Ai da ka tambaye ni da na gaya maka kyauta. Ranar nan kura ta gan ka ta koma kiran 'yan uwanta, ta ce wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne."

"Kai tafi can, tsinken sakace."

"Ku ba ni shi in kai shi gidan kaso ya yi wata uku. Can ne na ga ana ramewa ba a biyan likita."

Aka yi ta dariya. Surukata kuwa ta ji abin da na ji. Da la'asar ta shigo ɗakina ta durƙusa, ta ce, "Inna, kin ji?" Na ce na ji. Ta ce, "Ya za mu yi?" Sai hawaye. Wannan "mu" da ta faɗa shi ne ya buɗe mini ƙofa.

Shawara kuwa ba irin wadda ba mu samu ba. Wata Iya mai magani a bayan tasha ta ba da agbo, wato jiƙon saiwoyi na Yarbawa, baƙi ƙirin mai ɗaci. Ya sha, ya yini yana zarya bayan gida, idanunsa suka faɗa, aka ce ai ga shi nan ya fara raguwa. Yana barin sha komai ya dawo. Wata maƙwabciya ta ce lemon tsami a ruwan zafi kafin karin kumallo. Ya sha lemon tsaminsa tsaf, sannan ya bi shi da shayi da burodi da ƙosai kamar kullum. Wani malami ya ce azumin Litinin da Alhamis. Ya yi, Allah ya ba shi lada, amma abin da yake ci a buɗa-baki ya rama na ranar har da na gobe. Akwai ma wanda ya ce ya bar tuwo gaba ɗaya ya riƙa cin tsire zalla.

Ina zaune ina kallon duk wannan. Na lura kowanne daga ciki abu ne da mutum zai daure ya yi na ɗan lokaci, yana jiran ranar da za a sake shi. Ni kuma abin da nake nema abincin da zai iya ci har ya tsufa ne, ya tashi a ƙoshe, bai ji ana hukunta shi ba. Sai na tuna mutanen ƙauyenmu. Ban taɓa ganin mai tumbi a cikinsu ba, kuma in ba shekarar yunwa ba, suna ci su ƙoshi. Dawa ce, da wake, da ganye. Nama sai ranar kasuwa, ɗan kaɗan. Mai kuwa ɗigo ake yi.

Na ce wa surukata, "'Yar nan, abincin gidanmu za mu gwada. Ni zan dafa, ke ki kai. Kada ki ce masa ni ce."

Ta dube ni, ta gane, ta ce to.

Na roƙi wani baƙo ya taho mana da dawa da busasshiyar kuka da daddawa in zai dawo. Na samo itacen zogale na dasa a bayan gida kusa da rijiya, na watsa irin rama. Ƙasar Agege kuwa ba ta da rowa, ruwa yana zuba abu ya miƙe. Da safe kunun tsamiya ba sukari, da dafaffen wake. Da rana kwaɗon zogale mai yawa da ɗan ƙuli-ƙuli, ko faten tsaki da rama. Da yamma malmala ɗaya ta tuwon dawa, miyar kuka ko kuɓewa, da kifi dafaffe ko jan nama da na yanke wa kitse da hannuna. Gishiri sai ɗan abin da ba a rasa ba, daddawa da citta da tafarnuwa su rufe gurbinsa.

Rabona da in girka abin da zai shiga bakinsa tun ranar da aka yaye shi. In ina tuƙa tuwon nan nasa a ƙaramar tukunya, ban san yadda zan faɗi abin da nake ji ba. Nakan daɗe ina shafa malmalar da mara, ina gyara ta, alhali ta riga ta yi.

Da farko faɗa ya riƙa yi. Ina jiyo shi daga ɗakinsu.

"Wai ni akuya ce? Jiya ganye, yau ganye!"

"Ka ci dai, maigida, akwai kifi a ƙasa."

"Kifin nan ma rama yake yi, dube shi."

Surukata mai dabara ce. Ta sake masa kwano, ta samo ƙarami wanda in an zuba sai ya yi tozo ya cika ido. Ta riƙa fara kai masa kwaɗon, sai ya yi nisa sannan ta kawo tuwon. In yunwa ta taso masa tsakanin abinci sai ta yanka masa gwanda ko ta ɓare masa lemo. A hankali faɗan ya ragu. Ya fara fita bayan sallar asuba yana bin gefen layin dogo da ƙafa har tasha ya dawo, taubashinsa yana biye da shi yana cewa ya zo ne ya ga ko ƙarfen jirgi zai lotsa.

Daga farkon damina zuwa bayan babbar Sallah sai ga mutum ya sake. A tasha akwai babban sikelin da ake auna huhun goro kafin a loda shi zuwa Arewa. Can yake hawa, ma'aikatan suna tsokanarsa wai sai ya biya kuɗin kaya. Wata rana taubashin ya shigo tsakar gida yana ihu, "Inna, albishirinki! An sauke huhu guda daga bayan ɗanki!" Na ce masa ni ina ruwana, na shige ɗaki. Da na shiga sai na zauna a bakin gado na yi hamdala.

Zoben azurfar da ya nutse a yatsansa ya fara juyawa. Kumburin ƙafarsa ya saɓe. Likita ya sake duba shi ya ce a ci gaba da abin da ake yi. Na gan shi ya ɗaga ƙaramar 'yarsa ya ɗora a wuya. Sannan wata azahar na kasa kunne a jikin katako kamar yadda na saba, ban ji komai ba sai kabbara. Ya yi ruku'u, ya yi sujada, ya ɗago, ba nishi. Na zaci mun gama. Ban san cewa sauke kayan ne mai sauƙi ba.

A gidan fatoma akwai yadda ake cin abinci. In an fito da tire, maigida ne ke fara wanke hannu, ya zauna a tsakiyar baƙinsa, a ci tare. Babban baƙo ya tura masa yanka mafi kyau, shi ma ya tura wa baƙon. Tun zamanin mahaifinsa haka ake yi. To, tun da aka fara abincin nan nawa, a ciki yake ci, sannan ya fito ya zauna da su hannunsa a bushe. In sun ce, "Bismillah, maigida," ya ce, "Alhamdu lillahi, na riga ku." Ba wanda ya ce masa komai. Mu ma a cikin gida ba mu kawo komai a ranmu ba, murna ta rufe mana ido.

Akwai wani tsoho mai shanu daga Nguru, tun ina amarya a gidanmu yake sauka. Ya daɗe bai zo ba. Ranar da ya iso, yaron ya je tarbarsa a tasha, tsohon ya wuce shi yana waige-waige yana neman maigida. Da ya gane shi sai ya riƙe baki.

"Inna lillahi! Ɗan nan, me ya same ka?"

"Lafiya lau, Baba. Ban taɓa jin daɗin jikina kamar yanzu ba."

Tsohon ya ce to, madalla. Amma ya yi kwanakinsa yana kallonsa, yana kallon hannun nan da ba ya shiga tire. Ya sayar da shanunsa ya koma.

Magana kuwa ta fi shanu saurin tafiya a jirgi. Kafin wani lokaci ta je Arewa ta dawo mana da ƙari. Wasu suka ce ya karye ne, tunani ke cinsa. Wasu suka ce tarin fuka ne ake ɓoyewa. Wasu suka ce sammu aka yi masa, shi ya sa yake tsoron cin abinci da mutane. A wani gidan suna wata mata ta kama hannuna ta ce, "Sannu, Allah ya ba shi lafiya, Allah ya rufa asiri." Na ce mata lafiyarsa ƙalau. Ta gyaɗa kai irin na wadda ta san ba za a faɗa mata gaskiya ba.

Ɗakunan baƙi suka fara zama ba kowa. Tukunyar da muke ɗorawa ta koma rabi. Sai ranar da tsohon Nguru ya sake zuwa, yaron yana tsaye a tasha, ya ga an sauke shanun an kora su zuwa wajen wani fatoma a tsallaken layin dogo.

Bayan wannan ne surukata ta kira ni bakin rijiya inda take wanki. Ta nuna mini kayan da ya tuɓe. Singileti, da taguwa mai kauri, da jamfa biyu, sannan babbar riga. Duk sun jiƙe sharkaf da gumi. Ta ce, "Inna, haka yake jibga su yanzu in zai fita. Don a ga yana nan yadda yake." A zafin nan na Ikko da ko ganye ba ya motsi. Na ɗauki jamfa ɗaya na taya ta matsewa.

Yaron da kansa ya tsallaka layin dogo ya je ya gai da tsohon, ya roƙe shi ko abincin rana ne ya zo ya ci a gidan da ya saba. Tsohon ya zo. Aka yi tuwon shinkafa, aka dafa tozo guda. Ina ɗakina, kunnena a jikin katako.

Na ji tsohon ya ce, "Bismillah, maigida."

"Baba, ku ci, ni likita ne ya hana ni irin wannan."

"Likita." Haka tsohon ya maimaita. "Ɗan nan, ni ba karatu gare ni ba. Ubanka bai taɓa bari na ci abinci ni kaɗai a zauren nan ba. Shanun da nake kawowa ba nawa ne duka ba, na mutane ne. In na koma tambayata suke yi, yaya maigida? In ce musu me? In ce na bar dukiyarsu wajen mutumin da ya zube, wanda ba ya sa hannu a kwano ɗaya da ni?"

"Wallahi lafiya ce ta sa, Baba, ba ciwo ba."

"To in lafiya ce, ci mu gani."

Na ji ƙarar tire an tura shi a kan tabarma. Taubashin ya so ya sa wasa, ya ce, "Baba, ku ba ni, ni ne mai bukata," amma ba wanda ya yi dariya. Sai na ji ana zuba ruwa a kwanon wanke hannu.

Ba na riƙe tsohon nan a raina. Abin da ya sani ya faɗa, kuma da gaske yake son yaron. Da yamma aka kwaso kayansa aka dawo da su ɗakinsa na da.

Yaron ya ce wa matarsa da baƙi kawai zai riƙa ci, in ba baƙo zai koma kan nasa. Amma gidan fatoma in yana da rai ai ba ya rabuwa da baƙo. Na ci gaba da dafa nawa, surukata ta ci gaba da kaiwa, kwanon ya riƙa dawowa an ɗan taɓa, daga baya ya riƙa dawowa a rufe. Tafiyar asuba ta zama sai jefi-jefi, sannan ta tsaya, wai gwiwa. Abin da muka yi wata da watanni muna saukewa ya dawo cikin ɗan lokaci, ya kuma taho da ƙari. Tela ya farke ɗinkin da ya yi na rage masa riguna. Ɗakuna suka cika. Mata suka riƙa shigowa yi mini barka, wai maigida ya murmure.

Na gwada wata dabara. Na ce tunda dole ya ci da su, to su ci irin nasa. Muka yi kwaɗon zogale babban tire, da faten wake, da kifi, aka fitar zaure. Na ji wani baƙo yana cewa, "Kai jama'a! Mun baro ganye a gida, mun kwana a tarago da shanu, mu zo Ikko a ba mu ganye?" Aka yi dariya, amma daga baya yaron ya aiko matarsa ta ce don Allah kada a sake, za a ce gidan ya fara tsumulmula.

Numfashin ya dawo a bayan katako, ya ma fi na da. Ya fara sallah a zaune.

Kullum da hantsi yakan tsaya a ƙofar ɗakina ya gaishe ni kafin ya fita. Da can durƙusawa yake yi, yanzu sai dai ya dafa ƙyaure ya ɗan rusuna. Wata rana ya zo, surukata tana ciki tana taya ni gyaran wake. Na amsa gaisuwarsa kamar kullum, ido a kan faifai. Har ya juya, sai na ji bakina ya buɗe. Amma ita na duba.

"'Yar nan, ki gaya wa maigidanki na taɓa jin irin numfashin nan a gidan nan."

Ya tsaya. Yana nan tsaye a gabana, amma shi ma ita ya duba.

"Ki gaya wa Inna na ji. Ki ce mata in na rame gidan nan ne ke ramewa. Ga ƙannena, ga yara, ga dillalai da iyalinsu."

"Ki ce masa an taɓa cin tuwon dawa an rayu."

"Ki ce mata ta yi mini haƙuri zuwa Sallah. In cinikin layya ya wuce zan koma kan abincin. Wannan karon zan yi a hankali, yadda ba za a lura ba."

Surukata tana tsakaninmu, kanta a sunkuye, hawaye yana ɗiga cikin waken. Ba ta isar da saƙon kowa ba. Ya ce, "Sai na dawo, Inna." Na ce a dawo lafiya.

Bai kai Sallar ba. A kara ya faɗi, ana tsakiyar ciniki, da rana tsaka. A kan ƙyauren wata rumfa aka ɗauko shi, maza da yawa suna kama-kama. Ya yi kwanaki a asibiti aka dawo mana da shi, ɓarin damansa ya shanye, bakinsa ya karkace. Baƙi suka yi ta shigowa dubiya, wasu har da kuka. Daga nan kuma ɗaya bayan ɗaya suka tsallaka layin dogo. Ban ga laifinsu ba, shanu ba sa jiran mutum ya warke.

Ranar da aka dawo da shi na shiga ɗakinsa. Ban taɓa shiga ba tun da ya yi aure. Ba wanda ya ce mini komai, ni ma ban nemi izinin kowa ba. Na karɓi cokali daga hannun surukata na zauna a gefen katifar. Faten tsaki ne da rama, na dama shi ruwa-ruwa yadda zai iya haɗiyewa. Ina ba shi, rabi yana zubowa ta gefen baki, ina sharewa da gefen zanena.

Maganarsa ba ta fita sosai, sai an kasa kunne. Bayan 'yan kwanaki, ina cikin ba shi, ya ce wani abu. Na sunkuya.

"Ba gishiri," in ji shi.

Na ce, "Haka za ka sha."

Ya yi dariya da rabin bakinsa. Ya huta, sannan ya ce, "Tun ranar farko na san hannunki ne. Ita ba ta iya sa daddawa haka ba."

Na ɗebo wani cokalin.

Ya rame a kwancen nan, ramar da ba mu nema ba. Zoben ya zame da kansa, na tsince shi a cikin shimfiɗa. Taubashinsa yakan zo kullum ya zauna a bakin ƙofa yana ba shi labarin kara, yana ce masa, "Tashi mana, yanzu ai ni na fi ka nauyi," in ya fita kuma in same shi a bayan gida wajen zogale yana share ido da hula.

Wata safiya, ruwan farko na shekarar ya sauka, na kawo masa kunu. Idonsa a rufe. Na ce, "Kai." Bai motsa ba. Na ce, "Kai, ga kunu." Shiru, irin shirun nan da nake ji a bayan katako. Na taɓa kafaɗarsa. Sai kawai na kira sunansa, da ƙarfi, har surukata ta jiyo daga madafa ta rugo.

Ya buɗe ido a hankali. Ya daɗe yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Sannan gefen bakin nan mai rai ya motsa.

"Ashe kin sani," in ji shi.

Ya sha kunun, bai rage ba. Kafin damina ta yi nisa Allah ya karɓi abinsa.

Tsohon Nguru ya zo gaisuwa, ya zauna a zaure yana kuka kamar mace. Ina jinsa yana gaya wa mutane, "Ciwo ba shi da kunya. Da kun ga yaron nan shekaran jiya-jiya, mutum cike da riga, lafiyayye." Suka ce ƙwarai kuwa, haka ne.

Ƙaramar tukunyar tana nan, a ciki nake dafa nawa yanzu. Zogalen ya wuce tsayin katanga, maƙwabta suna aikowa a tsinko musu. Ƙaninsa ne ke riƙe da gidan, shi ma a zauren yake sallar azahar. Shi ba ɗan fari ba ne, ina kiran sunansa, ina yi masa faɗa a gaban kowa, yana cewa to Inna, to Inna, sannan ya fita ya wanke hannu ya zauna da baƙinsa. In ya tayar da kabbara nakan ajiye abin da ke hannuna.